Tambayi Madam: gwajin kansa ga mai lafiya, da jinyar wadda aka ce a maida gida

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da aka yi yekuwar watan Oktoba saƙonni suka cika min waya kan ciwon daji, wasu da murya wasu a rubuce, na zaɓi uku na cire sunaye kamar yadda muka saba. Sauran ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya ta farko

Salam Madam barka da aiki. Ni matar aure ce a unguwar Zango, shekarata 36 haihuwata shida biyar na raye. Ran nan na raka ƙanwata awo naji ana cewa duk macen da ta wuce 30 ta zo a duba mata bakin mahaifa saboda kansa, to ni wallahi lahiya ta lau ba inda ke min ciwo, da na gaya ma maigida sai yace wane irin neman jidali ne mutum na zaune ƙalau ya kai kanshi a tono mishi cuta, abokiyar zamana kuma tace taji ance ƙarfen da ake sawa yana hana haihuwa. Dan Allah wanne zan ɗauka?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maigidanki ba shi kaɗai ba ne, mu duka haka muka tashi, ba a zuwa likita sai jiki ya ƙi. Amma sankarar bakin mahaifa halin gara gare ta, tana cin azara ta ciki soro na nan tsaye da yaɓensa, ranar da kika ga ƙasa na zubo miki bisa gado aikin gama ya gama. Gwajin nan dama don masu lafiya aka yi shi, irinki.

Asalin ciwon wata ƙwayar cuta ce ana ce mata HPV, ta saduwar aure ake ɗaukarta, kuma kafin zuciyarki ta tafi wani wuri, a'a, ba shaidar lalata ba ce, kusan duk wanda ya yi aure zai gamu da ita wata rana, mace mai miji ɗaya tal ma tana samu. Yawanci jiki da kansa yake korarta cikin shekara ɗaya ko biyu ba ki ma san an yi ba. Wadda ta maƙale ita ce ke sauya fatar bakin mahaifa sannu sannu, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa, ga wadda garkuwar jikinta ta yi rauni kamar mai sida da ba ta shan magani kuwa 5 zuwa 10 ma ta isa. Wani Bajamushe mai suna Harald zur Hausen ne ya gano wannan dangantaka har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. To kin ga shekarun nan masu yawa da take laɓe, su muke so mu cafke ta a ciki tun tana tabo ba ta zama daji ba.

Yadda ake yi kuwa ba wani abin tsoro. Ki kwanta kamar na awon ciki, a sa ƙarfen nan mai kamar bakin agwagwa a buɗa, a haska fitila, a jiƙa auduga da binegar, ruwan kal dai wanda kika sani amma an auna ƙarfinsa, a shafa a bakin mahaifa a jira minti ɗaya. Lafiyayyen wuri yana nan ja-ja, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari fat kamar an ɗiga nono. Ni na yi ma mata wannan ba adadi, mafi yawansu suna tashi suna cewa au dama shi kenan? In an ga tabo ana ƙone shi da wani ɗan ƙarfe mai zafi ko a daskarar da shi da sanyi, ba fiɗa ba kwana, sai dai ruwa zai riƙa fita na 'yan makonni kuma a huta da shimfiɗa kamar wata ɗaya, wannan kam a gaya ma maigida tun da wuri kada a zo ana rigima. Ƙarfen kuma iyakarsa ƙofa, baya shiga cikin mahaifa balle ya hana ciki. Abinda ke raba mace da mahaifarta shi ne kansar in ta girma.

Ba da ka nake maganar ba. A Mumbai ta ƙasar Indiya an bi mata fiye da 150,000 shekara da shekaru, rabi ana musu gwajin binegar ɗin nan, kuma masu yin gwajin ba manyan likitoci ba ne, matan unguwa ne da suka yi karatu daidai gwargwado aka ba su horo, da aka ƙirga sai aka ga mutuwa daga wannan kansa ta ragu da kashi 31 cikin 100. A ƙauyukan Osmanabad kuma, nan Indiya ɗin dai, binciken da ya fito a 2009 ya nuna gwajin ƙwayar HPV ɗin kanta sau ɗaya tak a rayuwa ya rage mutuwar kusan da rabi. Shi ya sa hukumar lafiya ta duniya OMS ta fi son na HPV inda ake da shi, daga shekara 30, duk shekara 5 zuwa 10. Na binegar ya dogara da idon mai dubawa, sai a riƙa maimaitawa duk shekara 3. Mai sida ta fara tun tana 25 don haɗarinta ya ninka na sauran mata sau 6.

A 2022 mata wajen 660,000 suka kamu da ita a duniya, 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na mamatan nan daga ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. Ciwo ɗaya ne, can ana tare shi a ƙofa mu nan sai ya shigo ɗaka ya zauna. A Nuwamba 2020 OMS ta sa ma duniya buri kafin 2030, a yi ma kashi 90 na 'yan mata rigakafi kafin su cika 15, a gwada kashi 70 na mata, a yi ma kashi 90 na waɗanda aka samu da tabo ko ciwon magani. Ni wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya min a rai. Akwai shekarar da muka fita ƙauye yekuwa, ga tanti ga lasifika ga 'yan jarida, muka gwada mata har hannuna ya gaji, waɗanda aka ga tabo aka ba su takarda su zo gari, wallahi waɗanda suka zo ba su cika yatsun hannu ba, ga kuɗin mota ga izinin maigida ga aikin gona ya taso. Bayan wasu shekaru ɗaya daga cikinsu aka kawo ta a amalanke, tun daga bakin ƙofa na ji warin, takardar nan tawa tana nan ƙulle a bakin zanenta ta yi baƙi. Gwajin da ba a bi shi da magani ba tayar da hankali ne kawai. Saboda haka in kin je, kafin ki hau gado ki tambaya, in an ga wani abu a ina za a min magani kuma yaushe.

Ki je matanite mafi kusa ko cibiyar kula da uwa da yaro ta nan Damagaram ki tambayi ranar da ake yi, ki ja abokiyar zaman naki ku tafi tare tunda miji ɗaya gare ku. Ki ce a shafa miki mama ma a duba ƙullutu. Wadda kuma ke ganin jini bayan saduwa, ko jini bayan haila ta ɗauke mata, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin maganin sanyi, ita ba ranar yekuwa za ta jira ba, gobe da safe.

Tambaya ta biyu

Madam ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou. Gwaggona makauniya ce tana zaune Kara-Kara, wasu sun zo da takardu cikin Faransanci wai binciken lahiyar mata suke, suka yi mata tambayoyi na sirri a gaban yara suka sa ta dangwala hannu. Tace ta yarda ne don tsoron kada a hana ta magani in ta je likita. Wannan daidai ne?

Amsa

Ɗana ba daidai ba ne in dai yadda ka faɗa haka aka yi. Ƙa'idar bincike kan mutane tun sanarwar Helsinki ta 1964 a fili take, a yi ma mutum bayani da harshen da yake ji, a gaya mishi yana da ikon ya ƙi kuma ƙin nasa ba zai taɓa maganinsa ba, in baya karatu ko baya gani a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken. Ko bayan ta dangwala tana iya cewa ta fasa. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, abinda ya faru Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin bincike kan yara wajen 200, aka yi ta shari'a kan ko iyaye sun san abinda suka yarda da shi, har yau tsoron allura da ya bari bai gama fita zukatan mutane ba. Kai har binciken Indiya da na yaba ɗazu sun sha suka, don an bar rukunin mata matalauta ba gwaji shekaru ana ƙirga waɗanda suka mutu.

Amma kada ka kore su gaba ɗaya. Makafi da guragu da kurame da matan gidan kaso su ne gwajin kansa ya fi tsallakewa, gadon awo ya yi ma gurguwa tsawo, kurma ba mai yi mata bayani, in kuma ba a sa su cikin bincike ba ba wanda zai san an bar su baya. In sun dawo ka zauna, ka nemi takardar izini ta kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da lambar wayar shugaban aikin, ka karanta ma gwaggo da Hausa, a fitar da yara waje. Sannan ka tambaye ta ita an taɓa duba ta kuwa.

Tambaya ta uku

Assalamu alaikum Madam, da hawaye nake rubuto miki. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole. Mahaifiyarmu ta ɓoye ƙullutu a mama fiye da shekara, aka yi ta shafe-shafe da hayaƙi har ya fashe, muka saida gona muka kai ta Yamai aka yi mata shimiyo, ƙarin ruwan maganin kansa, sau huɗu, daga baya likita ya kira ni gefe yace ciwon ya kai ƙashi da huhu mu maida ta gida mu yi ta addu'a. Yanzu wata biyu bata barci sai nishi, muna sayo mata tramol wajen masu tebur baya yi, wani yace a nemi morfin amma babban yayanmu yace allurar ƙarasa mutum ce shi ba da shi ba. Kuma ya hana kowa ya gaya mata gaskiya, kullum tana tambayata yaushe za mu koma Yamai ina cewa sai an huce zafi. Warin ciwon ya sa jikoki sun daina shiga ɗakin. Mi zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Inna sauƙi ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Kada ka tsaya cizon yatsa kan shekarar da ta ɓoye, kunya da tsoron a yanke mama ke sa iyayenmu haka. Wani bincike da ya fito a 2020 kan mata masu kansar mama a ƙasashe biyar na Afirka ya samu rabi ne kawai ke raye bayan shekara 3, a Najeriya ma kashi 36 cikin 100, kuma zuwa a makare na cikin manyan dalilai. Mu nan ƙari ga haka injin gasa ciwon kansa na ƙasa a Yamai yake, sai 2021 ma ya samu, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram, ko da dokar 2007 ta ce maganin kansar mata kyauta ne ba ta biyan kuɗin mota da masauki da ciyar da mai jinya. Kun yi iyakar ƙoƙarinku.

Maganar a maida ta gida ita ce nake ƙi a bakin ma'aikatan lafiya, ni ma na sha faɗarta da ƙuruciya Allah ya yafe min. Warkewa ce ta ƙare, jinya ba ta ƙare ba. Akwai fanni guda na aikin likita don irin Inna, kulawar sauƙaƙa wahala, wata Baturiyar Ingila Cicely Saunders ta kafa gidansa na zamani na farko a Landan a 1967. A wani bincike da ya fito a 2010, a Boston ta Amurka aka raba masu kansar huhu da ta bazu su 151 gida biyu, waɗanda aka fara musu wannan kulawa da wuri sun fi samun kwanciyar rai, kuma abin mamaki sun fi daɗewa, wata 11.6 a kan 8.9. Rai na hannun Allah, amma ka ga rage ma mutum azaba ba sallama shi ba ne.

Ka zauna da yayanku cikin ladabi, in da hali ka ɗauke shi ku tafi wajen likitan tare ya ji da kunnensa. Morfin da aka fara da kaɗan aka riƙa ƙarawa daidai da zafin ciwo baya kashe mutum. Abinda ya jawo mishi baƙin suna shi ne ana ƙin bayarwa sai mutum ya kai gargara, a yi allura yau gobe ya cika sai a ce allura ce. A Yuganda tun 1993 wata likita Anne Merriman ta fara haɗa morfin na ruwa mai arha ana sha da baki a gida, daga 2004 ma har ma'aikatan jinya masu horo an ba su izinin rubuta shi, tsofaffi a ƙauye suna sha suna hira da jikoki. Ba zan ɓoye maka ba samunsa a ƙasashenmu wuya gare shi, wani babban rahoto na 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin ɗin da ake rabawa. Tramol ya cika tebur a tasha samari na zubawa a shayi, tsohuwa mai kansar ƙashi ta rasa abinda zai sa ta runtsa, wannan abu na ci min rai. Amma a nema. Ka ɗauki dosiyenta duka ka koma babban asibitin ƙasa na nan Zinder, ka ce ba warkarwa na zo nema ba, maganin zafin ciwo mai ƙarfi nake so a rubuta ma mahaifiyata, in babu a nan a haɗa ni da likitanta na Yamai a san yadda za a yi. Na tebur ɗin nan ku bari, ba ku san ƙarfin abinda ke ciki ba kuma in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya.

In an samu, da agogo ake sha, na ruwan duk awa 4, ba a jira sai ta fara nishi ba. Kwana biyun farko za ta yi ta gyangyaɗi ko tashin zuciya, yana wucewa. Abinda baya wucewa taurin bayan gida, saboda haka a rubuto maganin sakin ciki tare, ɗan filasko ma yana yi in likita ya yarda.

Wari kuma yana da magani mai arha. A wanke ciwon da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, a hankali ba gurzawa, a daka ƙwayar Flagyl ta yi laushi a barbaɗa a kai a rufe da tsumma mai tsabta, cikin 'yan kwanaki za ka ji bambanci, a ajiye gawayi a kasko ƙarƙashin gado yana shan wari, a bar taga buɗe. Turaren wuta shi kaɗai ruɗa warin yake, ga hayaƙi ga huhu mai ciwo. A riƙa juya ta duk awa 2 saboda gyambon kwanciya, a shafa mata mai a baya da ɗuwawu da dugadugai. In ta ƙi abinci kada a yi mata ɗure, ciwon ne ya ɗauke yunwar ba yunwa ce ke kashe ta ba, cokali biyu na kunu ko farau-farau in ta so, in ba ta so a jiƙa mata leɓe da auduga. Kuma ku raba kwana, kada a bar ma ƙanwa ɗaya ko matar ɗa ɗaya ita ma ta faɗi.

Saura maganar gaskiya. Na san yayanku tausayi ne, yana tsoron ta karaya. A Amurka an bi masu kansa fiye da 300 har ƙarshen rayuwarsu, binciken ya fito a 2008, waɗanda aka yi maganar ƙarshe da su ba su fi sauran shiga baƙin ciki ba, danginsu ma sun fi samun dangana bayan rasuwa. Can Amurka ce mu nan Damagaram, ban ce ka shiga ka yanka mata magana kamar alƙali ba. Amma macen da ta haife ku ta yi wankan gawa ta ga jiya ta ga yau, kana jin ba ta san jikinta ba? Sau da yawa suna tambayar yaushe za mu koma ne don su ji ko akwai mai ƙarfin halin da zai zauna da su. In ta sake tambaya kada ka ce sai an huce zafi. Ka zauna ƙasa kusa da ita ka riƙe hannunta ka ce Inna ke ya kike jin jikin naki, me kike gani. Sai ka yi shiru. In ta kauda maganar ka bar ta, haƙƙinta ne ta ƙi ji. In ta buɗe, ka ce likitoci sun ce maganin Yamai ya kai iyakarsa, yanzu abinda za mu yi shi ne mu hana ki jin zafi kuma muna nan tare da ke.

Yayar mahaifiyata haka muka yi ta ɓoye mata, ranar da na daure na zauna sai ta yi murmushi tace 'yar nan ai tun kaka na sani, ku nake tausayi. Daren nan ta sa aka ɗauko takarda, jika uku na mai goro a kanta, adashi biyu da ba ta zuba ba, tunkiyarta a ba ma jikarta mai sunanta, kuma a aika Mirya a kira ƙanwarta da suka yi shekara bakwai ba su magana. Ta zo da motar safe, muka fito muka ja musu ƙofa.

Ka fara da maganin ciwon da Flagyl ɗin a wannan makon, in wari ya lafa ka maida jikokin ɗakin ko da gaisuwar safe ce. Lambar mujalla na nan, ka turo min yadda kuka yi da likitan.